Ɗan'inna Mai Hawan Dabino

Sunansa na yanka Muhyiddeen, amma a Limawa ba wanda ya san shi da shi. Ɗan'inna ake ce masa, kuma da tsiya aka laƙaba masa sunan. An haife shi ba da daɗewa ba bayan Turawa sun ci Kano. Mahaifiyarsa Gaji ta binne 'ya'ya huɗu kafin shi, mijinta kuma ya rasu yaron na goye. Sai ta rantse wannan kam ba abin da zai same shi.

Ta hana shi zuwa rafi, ta hana shi hawa duwatsun bayan gari. Makarantar allo ma ita ke raka shi, ta zauna a zaure har a tashi. Ya kai shekara goma sha biyar bai taɓa hawa jaki ba. Sa'anninsa in sun gan shi sai su ce, "A ba shi hanya, kada ya fashe."

Bayan gidansu akwai gonar dabinon wani dattijo, Malam Mailafiya, wanda gwiwa ta fara hana shi hawa. Wata safiya Muhyiddeen ya tsallake danga ya durƙusa gabansa.

"Baba, koya min."

"Gaji ta sani?"

"Za ta sani."

Ta kuwa sani, ran da ta ga tafin hannunsa duk ƙaya. Ta binciko igiyar hawansa a ƙarƙashin tabarma ta cusa a murhu. Ya zauna a tsakar gida, a gabanta, ya tufka wata da kaba. Ta yi kuka, ta ƙi cin abinci kwana biyu, ta turo masa ƙaninta ya yi masa faɗa. Ya gaishe da kawun cikin ladabi, gari na wayewa ya koma gona.

A wata na uku igiyar ta tsinke. Ya faɗo, ƙafar hagu ta karye. Mai ɗori ya zo ya ɗaure. Gaji na yi masa fifita, fuskarta har da 'yar walwala, don ga shi kwance inda idonta ke kaiwa.

"Ka gani ko? Me na ce maka?"

"Inna, 'ya'yan Baba Mailafiya tun suna shekara bakwai suke hawa, ba wanda ya karye. Ni sai da na girma na fara. Da kin bar ni tun tuni, da ban faɗo ba."

Maficin ya tsaya a hannunta.

Ƙafar ta warke a karkace. Da ɗingishinsa ya koma, ya hau bishiyar da ta kayar da shi. Gaji ta ce ba za ta zauna ta ga gawarsa ba, ta ɗaure kayanta ta koma Jahun wurin danginta. Duk kaka yakan aika mata da dabino a kwando, kwandon ya dawo yadda ya tafi.

Shekara shida ana haka. Ran da aka aiko cewa jikinta ya yi tsanani, yana saman bishiya. Ya sauko ya kama hanya da ƙafa, ya isa an riga an dawo daga maƙabarta. Wata gwaggonsa Indo ta ce masa shi ya kashe ta da baƙin ciki. Ya karɓi gaisuwa kwana bakwai. Da zai tafi ne ya ce, "Gwaggo, ina son Inna. Amma ko yau ta dawo, zan hau."

Ya yi shekara arba'in yana sana'ar. Masu gonaki daga nesa suke aikowa a kira shi, su jira shi ko da kwana nawa ne.