Shanyar wake a hanyar Tsanyawa

Jama'a, yau saura ƙiris ku yi mana sallar gawa.

Kun san jif ɗin Yaya Nura. Jiya ya kai ta wajen makanike aka cire mata limita, abin nan da ke hana ta wuce wani gudu. Yau da hantsi muka ɗau hanyar Tsanyawa za mu gaida kakarmu, sai ya ce bari ya gwada ta. Na ce, "Yaya, a hankali dai." Ya ce, "Kai matsoraci ne, titi fayau." Allura ta wuce ɗari da tamanin.

Ashe an yi shanyar wake a gefen kwalta, har ya gangaro kan hanya. Ya taka birki, taya ta hau waken, mota ta ƙi ji! Muka juya sau biyu, sai cikin gonar dawa. Tsit.

Muka fito, ko ƙwarzane babu. Sai na hango kujerar tsugunno a ƙarƙashin motar, ta yi raga-raga. Wata tsohuwa ta taho da sanda. Ita ke gadin shanyar a kan kujerar, tashinta ke nan korar akuya muka iso.

Yaya ya zube a bakin titi. "Inna, ki yafe mana."

Ta dubi kujerar, ta dube mu. "Kun ji ciwo?"

Muka ce a'a.

Wallahi har yanzu ban ji komai ba, ko tsoro. Yaya yana durƙushe, tsohuwar ta ɗauko tsintsiya ta ce, "Ɗan matsa, ɗan nan, kana kan wakena."