Irin Gwaggo a Kwanon Miyar Nasara

A duk faɗin Yamai, tun daga bakin kogi har inda gidaje suka ƙare daji ya soma, ba a taɓa yin mai kunne irin nawa ba. Ba kunnen jin tsegumi nake nufi ba, wannan kowa na da shi. Kunnen tangaran. Ka miƙo mini faranti ko kofin ƙarau, wato gilashi, ka ɗaure mini ido da rawani, in ƙwanƙwasa shi da farce sau ɗaya tak, sai in gaya maka ƙasar da aka yi shi, da shekarunsa, da ko matar da ta fara cin abinci a ciki mafaɗaciya ce. Tsagar da ido bai gani ba, ni ina jin ta daga wancan ƙetaren gada. Haka nake faɗa wa mutane a lokacin, kuma har ga Allah na yarda da kaina.

Sana'ata tsofaffin kayan tebur na Nasara. Zauren gidanmu a unguwar Gamkalley na mayar kanti, a kan hanyar da ke gangarawa garake, lambunan bakin kogi. Shekarar da soja suka karɓi mulki ce, fari ya riga ya cinye ƙasa, Nasara da yawa kuma suna tattara komatsansu. Jirgi ba ya ɗaukar tarkace, don haka abin da ya yi nauyi ko mai fashewa sai a bar wa ma'aikatan gida. Nan na koyi darasina na farko: kada ka je wurin maigida, je wurin kukunsa. Kuku ne ya san farantin da ya taɓa faɗuwa, shi ya san wanda madam ba ta bari a taɓa sai ranar baƙi. Ka gaishe shi da kyau, ka tambayi ciwon bayansa, kada ka kalli abin da kake so. Ka yabi wata tsohuwar buta har ya fara tausayinka, sannan ka ce, "Wancan fa, a haɗa mini da shi."

Sauran dokokin ba su da yawa. Ka juya gindin kaya ka duba hatimi. Ka zagaya bakin kofi da yatsa, ido a rufe, yatsa ba ya ƙarya. Mai bakin zinari ba a wanke shi da toka ko yashi, ko da matarka ta rantse zai fi haske. Saiti ba a raba shi, marayan faranti ba ya da mai so. Murfi kuwa rabin kwano ne, shi ya sa duk mai murfi nake ɗaure shi da tsumma, giciye, in ƙulla a sama. Doka ta ƙarshe ita ce, kafin kaya ya bar hannunka ka buɗe ka duba ciki. Wannan nakan koya wa wasu. Ni mai kunne ban ga abin da zan yi da ita ba.

Ciniki bai yi yawa ba a bazarar nan. Wa zai sayi faranti alhali babu abin zubawa? Sai na samu abin yi da la'asar. Akwai wata 'yar taga a zauren da ke kallon yamma. Nakan jera kofunan ƙarau masu launi a bakinta, shuɗi da kore da wani ruwan zuma, in zuba musu ruwan kogi kaɗan kaɗan. Da rana ta sunkuyo sai hasken ya ratsa su ya zube a bangon laka, yana rawa, kamar tafki ya shigo ɗaki ya kwanta. In jiƙa yatsa in dinga zagaya bakin na kiristal, sai ya fara wata siririyar murya mai tsawo, wadda ba ka sanin inda take fitowa. A waje shanu sun zama ƙashi da fata, sama fara fat ba ko gizagizai, ni kuwa ina zaune cikin damina tawa ni kaɗai. Matata ta ce idan na gama kiran ruwa da kofi in zo in kira cefane.

Sarkin kayan duka wani kwanon miya ne na tangaran, fari, mai murfi da kunnuwa biyu, girmansa ya isa a yi wa jariri wanka. A jikinsa an zana wata ƙasa da shuɗin launi: kogi, gada, itatuwa masu duhu, shanu ƙosassu suna shan ruwa, da wata mata riƙe da kwando. Idan na ƙwanƙwasa shi sai ya amsa kamar ƙararrawa, in je in sha ruwa in dawo bai gama ba.

A cikin wannan hali gwaggona ta iso daga ƙauyenmu na arewa, ƙanwar mahaifina, a bayan kamiyo, babbar motar kaya, da tabarma da ƙunshi ɗaya. Garin ya watse. Ba ta da yawan magana. Ta ci jar dawar taimako ba ƙorafi, ta ce dai da ruwa ya sauka za ta koma. Ba ta son cikin gida, ta ce hayaniya, sai ta shimfiɗa tabarmarta a zaure cikin kayana. Da la'asar mu biyu muke kallon tafkin bango. Wani lokaci sai in ga ta tsura wa kwanon miyar nan ido.

"Ɗan nan, wannan ƙasar tana nan da gaske?"

"Tana nan, Gwaggo. Can ruwa har gundurar mutane yake. Shanunsu sai an roƙe su suke sha."

"Kai dai da ƙarya," in ji ta. Amma ba ta ɗauke ido ba.

Wata rana mota ta tsaya ƙofar zaure, matar wani kumandan na soja ta fito. 'Yar Yamai ce, Bazabarma, Hausarta ta kasuwa amma mai kaifi. Ta ɗaga murfin kwanon, ta duba ciki, ta duba gindi, na ƙwanƙwasa mata shi ya yi waƙarsa. Muka daidaita. Ta ce tafiya za ta yi, in ajiye mata, bayan mako shofer, direbanta, zai zo. Na ɗaure murfin da tsummana na mayar saman kantar kaya.

Ranar da shofer ya zo, soja ne matashi da hula a karkace, Gwaggo ta gangara garka tsintar rama. Na sauko da kwanon sai na ji ya yi nauyi. Na ce masa, "Ɗaga ka ji. Aikin mutanen da ne wannan, na yanzu kamar takarda suke." Sannan don burga na kai masa farce.

Ƙwas. Babu waƙa, babu ƙararrawa. Kamar na buga bango.

Muryar tangaran ba ta dishewa sai ya tsage, wannan ko almajirin sana'a ya sani. Na ce a raina zafi ne ya fasa shi, ko wani ya bangaje shi. Abin da ya kamata shi ne in kwance tsumma in duba. Abin da na yi shi ne na yi tari mai ƙarfi don ya rufe ƙarar, na naɗe kwanon da takardar siminti ninki uku, na sa a kwali, na raka sojan har mota ina yi masa addu'a. Na ce idan tsagar ta bayyana, ramukan hanya ne.

Gwaggo ta dawo bayan azahar. Ta aje ramarta, ta ɗaga kai ta dubi saman kantar, ta daɗe tana duban gurbin.

"Ina mai shanun?"

"Ya tafi gidan manya, Gwaggo. Yau miyar kumandan zai sha."

Ta zauna a kan tabarma a hankali, irin zaman da ban taɓa gani ta yi ba. Ta ce, "Irina na ciki."

Ashe ƙunshin da ta zo da shi irin hatsi ne, tiya guda, na gonar kakanmu, mai saurin nuna, wanda ta gauraya da toka ta ƙi ci ko a ranakun da suka kwana uku da ganye. Ɓera ya fara huda ƙunshin. Ta duba gidan kaf ba ta ga abin da ɓera ba zai shiga ba sai wannan, ta zuba a jakar tsumma ta danna ciki, ta mayar da ɗaurina yadda yake. Ba ta gaya wa kowa ba, don ta ce a gidan da ake jin yunwa, idan aka san da shi wata rana za a daka.

"Kuma na ga ƙasar da ke jikinsa da ruwa," in ji ta. "Na ce bari ya saba."

Sai a sannan lissafin ya zo mini. A kwanakin nan soja na farautar masu ɓoye hatsi, ana ta labarin 'yan kasuwar da aka buɗe wa rumbu. Ni kuwa na ɓoye hatsi a kwano na aika wa kumandan har gida, da takarda ninki uku. Na hango kaina an aske mini kai ana yawo da ni a kasuwa. Na ce mu bari sai gobe. Gwaggo ta riga ta yafa mayafi.

"Kafin gobe kuku ya jiƙa shi ya yi kunu. Tashi."

Muka kama hanya da ƙafa cikin rana. Ni ina shirya jawabi, ita tana gaba ba ta waiwaye. A ƙofar gidan wani soja ya tare mu. Na ce, "Ranka ya daɗe, mon kumandan," alhali ko igiya ɗaya ba ya da ita. Gwaggo ta ce, "Yaro, gaya wa uwar ɗakinka tsohuwa ta zo karɓar kayanta." Ya dube ta, ya dube ni, ya shiga.

Da aka shigar da mu, a bayan gida muka sami matar kumandan, ƙarƙashin mangwaro, ba takalmi, zaune a kan 'yar kujera. Kwanon na gefe a buɗe. Irin kuwa ta baje shi a faifai tana tsince shi da yatsa, ƙwaya ƙwaya.

"Fofo, Iya," ta gaida Gwaggo da Zabarmanci, ta miƙe ta ba ta kujerar. "Na san mai shi zai zo. Kuku ya so ya watsa wa kaji, na ce ka taɓa ka gani. Wanda ya sa toka a hatsi ba ci zai yi ba."

Gwaggo ta sa hannu cikin faifan har wuyan hannu, ta rufe ido. Ba ta yi kuka ba. Matar ta ce mahaifinta na noma a ƙasar Zarmaganda, bana sun cinye irinsu tun kafin sanyi ya wuce. Sannan ta ce ko Iya za ta ba ta tafi ɗaya. Gwaggo ta ba ta biyu, ta gaya mata kada a shuka da ruwan farko, a jira na biyu. Suka shiga zancen gona, rabi Hausa rabi Zabarmanci, ni ina tsaye da jawabina ba wanda ya nema.

Da muka tashi tafiya sai madam ta ƙwanƙwasa kwanon da zobenta. Ya saki waƙarsa, tsaf, har tsuntsun da ke kan mangwaro ya tashi.

"Mai kwano, shofer ya ce ka buga shi kafin ka naɗe, kuma ka yi tari. Me ka ji?"

Na ce, "Madam, mura ce."

"Allah ya sawwaƙe," in ji ta, tana dariya har da riƙe ciki. "Wani karon ka buɗe."

Muka gangaro ta bakin kogi. Rana ta yi sanyi, ruwan ya ja baya har tsibirai sun fito, yara na tsallakawa da ƙafa. Can gabas akwai wani ɗan gajimare guda, siriri, kamar an manta da shi. Gwaggo ta ɗora irinta a ka, hannu ɗaya na dafe da shi. Da na ga mun yi nisa da gidan soja sai bakina ya dawo. Na ce ai ni tun farko na ji muryar ba ta tsaga ba ce, wata irin murya ce dabam, kunne irin nawa ba a ruɗa shi, gaggawar shofer ce kawai ta hana ni nazari.

Ba ta ko juyo ba.

"Ɗan nan, rufa mana baki. Kunnen naka kwanon da babu komai a ciki kaɗai ya sani."