Jinin Zaman Ciki

Ɗana na fari ya rasu yana ɗan shekara uku, goye a bayana, a kan hanyar Dabai kafin mu kai asibiti. Sikila ce ta ɗauke shi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ya faro rayuwa: jariri ɓul-ɓul mai kumatu, wanda matan cocinmu ke ƙwacewa daga hannuna. Sai da ya fara koyon zama ciwon ya fito fili. Hannu da ƙafa suka kumbura, kuka kuwa har muryarsa ta dishe.

Mijina soja ne, yana can wajen aiki, sai ni da mahaifiyarsa a gida nan Zuru. Mama nake ce mata. Ba muguwar mace ba ce, sai dai ba ta yarda abu ya faru babu mai laifi. Ta ce yaro ya zo duniya lafiya ƙalau, kowa shaida ne, don haka abin da ya shiga bakinsa ne ya ɓata shi. Ta sa na tatsi nonona a ludayi, ta kamo tururuwa ta jefa ciki. Wai in ta fito da rai nonon mai kyau ne, in ta mutu mai dafi ne. Tururuwa ta yi ta wutsil-wutsil har ta nutse.

Na ce, "Mama, ai ko a ruwan randa kuka jefa ta, mutuwa za ta yi."

Baki ne da ni, ba na barin ta kwana. Amma can cikin raina na yarda da tururuwar nan, na kuma tsani ƙirjina.

Da na haifi ta biyu, mace, Mama ta ɗaura mata zare mai 'yan duwatsu a wuyan hannu. Da shi take auna ƙiba. Duk sanda ya matse sai ta kwance ta ƙara masa tsawo, tana guɗa kamar an yi mata kyautar saniya. Ni kuwa ko wata biyu ba a yi ba na saɓi yarinyar sai wurin likitan da ya yi jinyar yayanta. Na ce a gwada jininta, in kuma nonona ne a faɗa mini in yaye ta yau.

Likitan dattijo ne, mutumin Kabi, ba ya gaggawar magana. Ya ce, "Malama, gwajin da muke da shi nan ba ya gaya muna gaskiya yanzu. Ɗiyar ga ba ta fara zama da jininta na duniya ba tukun."

Ya yi mini bayanin da har gobe ban manta ba. Abin nan da ke sa jini ja yana ɗaukar iska, iri biyu ne. Akwai na zaman ciki, akwai na bayan haihuwa. Kowanne da umarninsa a cikin ƙwayoyin gado da yaro ya samo daga uwa da uba. Sikila a na bayan haihuwa take, na zaman ciki lafiyayye ne. Shi ya sa jariri mai sikila yakan yi watanninsa na farko garau, da guzurin da ya fito da shi.

Na ce to me ke ƙarar da guzurin?

Ya ce akwai wasu sunadarai a cikin ɓargo waɗanda aikinsu ke nan: su hau kan umarni su buɗe shi a yi aiki da shi, ko su rufe. Kuma ɗaya ba ya yi shi kaɗai. Wani ya kama wurin, ya jawo abokan aikinsa, kamar yadda ake ɗora wa rumbu jinka, guda a sama, saura suna turowa daga ƙasa. Bayan haihuwa sai su taru su rufe na zaman ciki sannu a hankali, su buɗe ɗayan. A jikin kowa haka ake yi. Ga mai lafiya ba komai ba ne. Ga mai sikila, an rufe mai kyau ke nan an bar shi da mai ciwo.

Na ce, "Wato mai kyan yana nan a jikinsa?"

"Yana nan, bai tafi ko'ina ba."

"Har ranar da ɗana ya mutu yana nan?"

Ya sunkuyar da kai. Na ɗaga murya na ce to ku buɗe mana, me kuke jira? Ya ce masu bincike na ta nema, amma ba a gama gane wane ne jagora a cikin masu rufewar ba. Ya ce wasu yaran ba a rufe musu ruf, su ciwonsu da sauƙi. Ya ce kuma tana iya yiwuwa yarinyar ba ta gaji ciwon ba sam. In dawo da ita in ta wuce wata shida.

Na koma gida na faɗa wa Mama nonona ya fita daga zargi. Na zaci zan ji daɗin faɗa, ban ji ba. Da nono ne, da na yaye ta an huta. Wannan kuwa a cikin ƙashinta ake yi, tana kwance a cinyata tana yi mini dariya. Mama ta saurara har ƙarshe, sannan ta tashi ta koma bakin aikinta.

Watannin nan su ne mafi muni a rayuwata, alhali yarinyar ko mura ba ta yi ba. Kowa ya ɗauke ta sai ya yaba lafiyarta, ni kuma in ji kamar in fizge ta. Da kaka ta yi aka shigo da dawa, maza suka taru a tsakar gida za su ɗora wa rumbunmu sabuwar jinka, suna ihu suna tsokanar juna. Na kasa kallo, na shige ɗaki na rufe ƙofa.

Wata safiya ina wanke-wanke, kwanaki kaɗan kafin mu koma asibiti, Mama na zaune kan turmi da yarinyar, wadda tun wayewar gari take rigima ta ƙi nono. Na ji Mama ta ce, "Kai, zaren nan ya sake matsewa!" Ta fara guɗa, sai guɗar ta tsaya a tsakiya.

Na taso hannuna da kumfa. Zaren ya nutse cikin fata. Bayan hannun ya tashi yana sheƙi, 'yan yatsun sun yi suntum, na taɓa na ji zafi rau. Mun san hannun nan, ni da ita, mun taɓa riƙe irinsa.

Mama ba ta kwance zaren ta ƙara tsawo ba. Ta sa haƙori ta tsinke shi, duwatsun suka watse a ƙasa. Ba ta nemi ludayi ba. Ta miƙo mini yarinyar ta ce, "Ba ta nono, 'yata. Bari in ɗauko mayafina mu tafi asibiti."