Kofin Jan Ƙarfen Baba Sale

Ina tsugune gaban injin tura ruwa a Tiga, hannuna duk baƙin mai, maƙwabcin Baba Sale ya kira ni daga Ƙofa ya ce Baban ya cika bayan azahar. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna a kan bututu, na daɗe ban ko goge hannuna ba.

Shi ya koya mini aikin ruwa. Mutum ne da ba ya iya wuce famfo yana ɗiga. Ko a gidan biki ne, da babbar rigarsa, sai ya tsuguna ya ɗaure shi da roba. Idan ka yi aikin ha'inci ba zai yi maka faɗa ba. Zai warware abin da ka ɗaura, ya miƙo maka sifana, ya koma inuwa ya zuba maka ido. Yakan ce, "Ruwan da za ka tura wa mutane, fara sha a gabansu."

Da ya ajiye aiki ya koma noma a Ƙofa, hawan jini ya kama shi. Ni nake ɗaukarsa a babur zuwa asibiti, kuma ya ɗora mini amana kada 'ya'yansa su ji, wai nauyin da ke kansu ya ishe su. Ƙwayoyinsa yana zuba su ne a wani kofin jan ƙarfe mai murfi, tsarabar hajjin yayansa. Kofin kullum yana gefen buzunsa, kuma ya hana jikoki taɓawa don kada su haɗiye. Ganin haka mutane suka ɗauka wani sirri ne yake sha a ciki.

Yana da amini, Arɗo Buba, makiyayi daga wajen Doguwa, wanda shi ma ciwon ya kama. Baba bai bar shi ya huta ba sai da ya fara shan magani. Na ji da kunnena yana tsokanarsa: "Buba, shanunka kana kai su allura, kai ne ka fi ƙarfin likita?"

A zaman makoki babban ɗansa Nura, ɗan kasuwa a Kano, ya yi ta ba masu ta'aziyya labarin kofin. Ya ce yanzu an gano ruwan da ya kwana a jan ƙarfe yana wanke jini, yana sauke hawan jini da ciwon suga, ga shi nan ana ta nunawa a waya, kuma shi ne sirrin tsawon ran mahaifinsu. Ba ƙarya ya shirya ba, ya yarda da abin har zuciyarsa. Sai wani dattijo ya juyo ya ce ni da na fi kowa sanin marigayin, ai haka ne ko? Na sunkuyar da kai na ce Allah ya jiƙansa. Kowa ya ɗauka na gaskata. Ban taɓa jin kunyar kaina irin ta ranar ba, ni da mutumin nan ya koya wa ƙin ha'inci.

Da na raka Arɗo bakin hanya, sai ya ce daga yau ya bar ƙwayoyin asibiti, kofi zai saya. Sannan ya ƙara da abin da ya karya mini zuciya: "Ashe Sale ya ɓoye mini na gaske, ya bar ni da haɗiyar ƙwaya."

Shiruna ya mai da Baba mayaudari a idon amininsa, ga kuma ran Arɗo a kan siraɗi. Ranar sadakar uku na yi sallama da Inna, matar marigayin, na roƙi aron kofin. Ta dube ni ta bayan labule, don ita ma ta sani, ta miƙo ta ce, "Buɗe shi a gabansu, ɗana."

Na buɗe a gaban Nura da Arɗo. Cikinsa a bushe, ko alamar ruwa babu, sai ragowar ƙwayoyi a ledarsu. Nura ya rufe fuska yana kuka, yana tambayar tun yaushe mahaifinsu ke fama da ciwo, ni kuwa na rasa inda zan sa idona. Arɗo ya zaro nasa ƙwayoyin daga aljihu, ya haɗa su da na Baba a tafin hannu ya daɗe yana dubawa. Ya ce iri ɗaya ne. Sai ya nemi a kawo masa ruwa, aka kawo a moɗar roba, ya haɗiye.

Ni ba likita ba ne, ban san abin da jan ƙarfe ke yi wa ruwa ba. Na dai san abin da ke cikin kofin Baba Sale.

Baba, na karya amanarka, ina fatan da kana nan kai ma da ka ce a buɗe. Allah ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka, ya shayar da kai daga Alkausara. Allah ya ba Inna da Nura da ƙannensa haƙurin rashi, ya ƙara wa Arɗo lafiya. Mu kuma in tamu ta zo, ya sa mu cika da imani.