Bonet Mai Kauri

Mu 'yan kasuwar Kano da ke Guangzhou da tafin hannu muke sayayya. A miƙo maka kwaɗo ko tukunya, ka jinjina. In da nauyi, kaya ne. Wuya ce ta koya mana. Sau nawa aka nuna mana samfur mai kauri a kasuwar baje koli ta Pazhou, kwantena ta sauka gida mu tarar da abu kamar ɓawon albasa. A cikinmu kuwa babu mai zafi a kan wannan kamar Alhajin da muke ofis ɗaya a unguwar Xiaobei, mai safarar ƙofofin ƙarfe. Shi ko cokalin gidan abinci sai ya jinjina kafin ya ci.

Surukinsa, wani dattijo a Kano, yana da tsohuwar mota 'yar Amurka da ya saya tun yana saurayi wajen wani Bature mai komawa gida. Ba motar zuwa unguwa ba ce. Kamfanin ya ƙera ta ne don tsere a miƙaƙƙiyar hanya, a take ta 'yan daƙiƙu a tsaya. Na ga hotonta: ba kujerar baya, ba rediyo, gilashin taga da igiyar fata ake jan sa, batir a but, inji ya cika gaba fal. Shekaru dattijon yana gyaranta kaɗan-kaɗan, saura bonet da ya tsage. Sai ya naɗe shi da bargo ya aiko wa Alhaji, a yi masa irinsa sak.

Alhaji ya ɗauki abin da zafi. Da ƙyar aka ba shi 'yar dattijon, kuma tun daga lokacin ba a taɓa neman komai wajensa ba. Ya ce mini, "Wannan karon Baba zai san ya yi suruki." Da ya ɗaga tsohon bonet ɗin ya ji ba nauyi, sai ya girgiza kai, wai shekara da shekaru a rana dole ƙarfe ya rame.

Muka kai wa wata masana'anta a bayan gari. Ranar karɓa, ma'aikaci ɗaya ya fito da sabon da hannu guda, yana sheƙi, ƙirar ta fita tsaf. Alhaji ya jinjina, na ga fuskarsa ta canza. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake.

"Lawban," in ji shi ga mai masana'antar, don haka ake ce wa maigida da yarensu, "ni za ka yi wa haka? Surukina zan aika wa gwangwanin madara?"

Mutumin ya nuna tsohon, ya nuna sabon, yana ta cewa iri ɗaya ne, alminiyam ne. Alhaji ya sa gwiwa a tsakiyar sabon ya danna, ya lanƙwashe. Ya ce a yi masa da irin ƙarfen ƙofofinsa. Lawban ya kwaikwayi mota mai gudu da hannu, ya dube ni ko zan sa baki. Ni kuwa a raina cewa nake yau ɗan Kano ya ƙwaci 'yancinsa.

Na biyun, mutum huɗu suka fito da shi suna nishi. Alhaji ya hau kai ya tsaya aka ɗauke shi hoto. Lawban ya tambaya yaya za a yi da tsohon, Alhaji ya yi masa nuni da hannu, a zubar.

Bayan kaya sun sauka a Kano, dattijon ya kira ta bidiyo ina zaune. Ya juya wayar ga motar. Gabanta ya durƙusa kamar raƙumin da za a yi wa lodi, makanikai biyu sun tokare bonet da icce suna share gumi. Na ciji leɓe don kar dariya ta ƙwace mini.

Dattijon ya daɗe yana sa albarka, irin ta suruki da ba ya son kunyata mijin 'yarsa. Sannan a hankali ya ce da gangan kamfanin ya yi bonet ɗin sirara, don motar ta yi sauƙi ta tashi da wuri, kuma kaɗan aka ƙera a duniya; nasa tsohon da shi motar ta fito daga kamfani.

"Amma ba komai, Alhaji. Ka dawo mini da tsohon kawai, zan sa a ɗinke tsagar. Da shi na ɗauko mahaifiyar matarka daga asibiti ranar da ta haife ta."

"To Baba, in sha Allahu."

Dariyata ta koma ciki. Washegari da sassafe muka isa masana'antar. Lawban ya saurare mu har ƙarshe, ya nuna kwanar da masu gwangwan ke zuwa da kekensu kwasar tarkace, wayam, an ma share wurin. Ya ce, "Meyo." Babu.

A jirgin ƙasa na dawowa Xiaobei tausayin Alhaji ya kama ni sosai. Wayarsa ta yi ta ruri a cinyarsa, Baba ne. Ya dube ni, ido ya kaɗa.

"Malam, me zan ce masa?"

Ya ɗauka, ya yi sallama.