Guɗar da Na Yi a Cocin Norway

Ko zan manta komai a duniya, ba zan manta Lahadin da 'yata ta fara waƙa a coci ba. Ita tana Norway, ni ina Kafanchan.

Maigidana ya samu aiki a wani ƙaramin ƙauye a can, ya tafi da babbar 'yarmu tana ƙarama sosai. Ni takarduna ba su fito ba, na zauna da jaririna. Da farko kullum muna hira a waya. Daga baya sai in yi mata Hausa ta amsa da yarensu, ko ta kalli babanta. Tsoro ya hana ni sakewa: kar yarinyar nan ta manta ni.

Ran nan babanta ya ce yara za su yi waƙa, zai nuna mini ta bidiyo. Na fita daga sujada na koma bayan cocinmu inda waya take kamawa, matan zumunta biyu suka biyo ni.

Cocin nasu na Lutheran ne, sabon gini, duk katako da gilashi. Sun rataya ɗan jirgin ruwa a sama. Faston mace ce. Rabin kujerun ba kowa, kuma ko tari ba mai yi.

"Wannan coci ne ko asibiti?" in ji babbar cikinsu. "Ina ganga?"

Maigidana ya yi raɗa, "Maman yara, don Allah ku yi shiru, nan ba a surutu."

Sai ga 'yata a layin gaba, ta ƙara tsawo, kitsonta duk ya tsufa. Sauran yara suna waƙa, ita ta sunkuyar da kai ƙasa. A wurinmu yaro ba ya tsayawa gaban jama'a uwarsa ta yi shiru. Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba.

Tsofaffin Turawa suka juyo gaba ɗaya. Babanta ya rufe wayar da hannu, amma ta tsakanin yatsunsa na ga ta ɗago kai tana nema. Ta yi murmushi, ta fara jan ƙafa dama da hagu yadda muke rawa a zumunta. Nan wayar ta yanke.

Har yau ban taka cocin nan ba, ban kuma san me waƙar take faɗi ba. Amma ranar na koyi cewa ko yare ya gudu daga bakin yaro, muryar uwarsa tana nan a kunnensa. Shi ya sa nake kiranta kullum, ko da ni kaɗai zan yi magana.