Fuskar Yaya Rakiya a Jikin Kwalba

Shekara bakwai ke nan da muka kai Yaya Rakiya makwancinta. Ni ƙanenta ne, ciki ɗaya. Ban taɓa rubuta komai a jarida a kanta ba, don ni kayan babur nake sayarwa a unguwar Agoè, boko ita ta yi mana shi. Bana kam, tsoro ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Ga wanda bai san ta ba, likitar mata ce da ta ƙarar da rayuwarta wajen binciken abin da ke hana haihuwa. Ɗalibanta sun ce har yau ana karanta rubutunta a jami'o'in ƙasashen da ko sunansu ban iya faɗa ba. Mu a Zango kujeru biyu muka sani. Su ne a gaban teburinta. In mace ta zo ita kaɗai, sai ta gaishe ta, ta ba ta ruwa, ta ce, "Je ki zo da maigidan, ba na duba rabin aure." Maza sun ji haushinta ba kaɗan ba. Amma abin da bincikenta ya nuna mata ke nan, sau da yawa matsalar tana wajen namiji, ana nan ana ɗirka wa mace jiƙe-jiƙe har a lalata cikin da lafiyarsa ƙalau.

Watannin baya na shiga kasuwar Agoè-Assiyéyé, sai ga fuskarta a jikin kwalba. Hoton da mu da kanmu muka buga a takardar addu'ar arba'in ne aka manna, aka rubuta maganin haihuwa na Dakta. Mai sayarwa ya ce mini, "Alhaji, kafin ta rasu ta bar sirrin haɗin." Na ce ni ƙanenta ne. Ko gezau bai yi ba, cewa ya yi to zai rage mini.

Na yi faɗa, na kai ƙara inda ya kamata, na ɗauka magana ta ƙare. Ashe abin ya riga ni isa gida.

'Yata ta fari, wadda ko sunanta ba na kira, shekara huɗu da aure ba ta samu rabo ba. Ran nan aka kira ni a shago, wai ta yanke jiki ta faɗi. A ɗakinta uwarta ta tarar da kwalaben, duk babu komai a ciki. Da ta farfaɗo a asibiti ta ce, "Baba, ai na Gwaggo ne. Da ba fuskarta na gani ba, da ban sha ba." Likitar da ta karɓe ta ɗalibar Yaya ce. Ta ce abin ya taɓa ƙoda, an dai yi sa'a an zo da wuri. Ta ƙara da cewa muddin yarinyar na ganin laifin nata ne ita kaɗai, gobe wata kwalbar za ta nema, don haka a turo mijin a gwada shi.

Surukina yaron kirki ne, har ƙasa yake durƙusawa ya gaishe ni, ko ruwa bai taɓa sha a gabana ba. Da wane baki zan yi masa wannan magana? Na nemi wanda zan aika, kowa ya zame. Na yi ta tunanin abin da Yaya za ta ce in ta ga mutanen da ta yaƙa suna ciniki da fuskarta, ƙanenta kuma yana jin kunya 'yarsa na kwance. Na san ta, ba za ta ɗaga murya ba, kallo ɗaya za ta yi mini.

Bayan la'asar na tare surukin nawa a ƙofar masallaci. Kaina a sunkuye na ce, "Likita tana son ganinku ku biyu." Ina faɗa na wuce, ban tsaya ba.

Har yanzu ina jin tsoro. Kwalaben sun koma waya, ana tura hotonta daga mace zuwa mace, ban kuma san 'ya'yan mutane nawa ke sha don sun yarda da ita ba. Sunanta da fuskarta sun fi ƙarfin hannunmu. Ban san wanne zai fi daɗewa ba, kwalbar ko abin da ta koyar.

Ranar da likita ta sa, na raka yarinyar har ƙofar ofis. Kujeru biyu na gani a gaban teburin. Ta zauna a ɗaya, na fita bakin titi ina duban duk zemijan, wato ɗan acaɓa, da ya tsaya. Can sai ga surukin nawa ya sauko. Bai dube ni ba, ban dube shi ba. Ya shiga, na matsa ƙofar ofis, na ji an ja ɗaya kujerar.

Allah ya jiƙan ki, Yaya.